Da Me Tsofaffin Mawaƙan Buluz Suke Cin Abinci?

Tambaya: Na daɗe ina sauraren tsofaffin mawaƙan buluz, wato tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, da na gargajiyar ƙasar, irin su Robert Johnson da Lead Belly. Kusan duk wanda na bibiyi tarihinsa sai in tarar ya mutu ba shi da ko sisi, wasu ma ba a san kabarinsu ba. Shin waƙar ce ba ta kawo kuɗi a lokacin? Kuma da gaske ne dukansu mutane ne masu baƙin ciki, da ke zama su kaɗai da jita suna kukan duniya?

Amsa: Malam, waƙar ta kawo kuɗi, kuma ba kaɗan ba. Sai dai kuɗin kashi biyu ne. Akwai na dandali, wanda mawaƙi ke karɓa hannu da hannu a daren da ya yi wasa. Akwai kuma na takarda, wanda ke ci gaba da ɗiga shekara da shekaru ga duk wanda sunansa ke kan rajistar waƙar. Na farkon sun ci, sun sha, sun ɗinka kwat da shi. Na biyun kuwa, yawancinsu ko ƙyallinsa ba su gani ba. Shi kuma hoton nan na mutum shi kaɗai a bakin baranda yana kukan duniya, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, amma masu sayar da faifai da masu tara tsofaffin faya-fayai ne suka ƙarasa zana shi daga baya.

Mu fara da ƙasar. Yankin da ake kira Delta a jihar Misisipi fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, ƙasa baƙa mai albarka, auduga ko ta ina. An soke bauta a 1865, amma gonakin sun ci gaba da zama a hannun masu gandu. Baƙar fata zai karɓi gona ya noma, mai gandu ya ba shi iri da alfadari da ɗakin katako, ya riƙa ba shi gari da mai da tufa bashi daga kantin gandun. In kaka ta yi a raba audugar, sannan a buɗe littafin bashi, wanda mai gandun ne kaɗai ke rubutu a ciki. Sau da yawa mutum ya shekara yana duƙe, a ƙarshe a ce masa har yanzu ana binsa. To a irin wannan wuri, wanda ya iya jita yana da abin da maƙwabcinsa ba shi da shi: hanyar samun tsabar kuɗi wadda ba ta bi ta littafin mai gandu ba, da kuma dalilin saɓa jakarsa ya kama hanya in wuri ya ishe shi. Mawaƙan nan sun yi talauci, amma in ka auna su da mai tsinkar auduga na zamaninsu, da yawansu gwanda-gwanda ne.

Kasuwarsu daren Asabar ce. Wani manomi ya kwashe gadaje daga ɗakinsa, matarsa ta soya kifi, a kawo barasar da aka dafa a ɓoye, a bayan ɗaki ana caca, fitilar kananzir na hayaƙi. Mutane sun yi kwana shida cikin rana, rawa suka zo yi. Babu lasifika, babu ganga, mutum ɗaya ko biyu ne da jita za su riƙe wannan taro har asuba. Daga nan salon ya samo siffarsa. Mawaƙi na dukan katakon ɗaki da ƙafa a madadin ganga, yana fizgar tsirkiya mai kauri da babban yatsa har ta daki jikin jitar, yana buɗe murya iyakar ƙarfinsa. Ya sa wuyan kwalba a ɗan yatsa, ko ya riƙe wuƙa, yana goga ta a kan tsarkiyar ƙarfe, sai jitar ta riƙa kuka kamar muryar mutum tana yi masa amshi. W. C. Handy, wanda makaɗi ne mai ilimin rubuta kiɗa, ya ba da labarin cewa wajen 1903 ya ga wani mutum yana yin haka da wuƙa a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, kuma bai taɓa jin kiɗa mai ban mamaki irinsa ba. Yara da yawa ma ba da jita suka fara ba. Wayar da ke ɗaure tsintsiya suke warewa su kafa ta da ƙusa biyu a jikin bango, su cusa kwalba a ƙarƙashi ta ɗaure tamau, su yi ta bugawa.

Charley Patton, wanda ya tashi a gandun Dockery ya kuma rasu a 1934, shi ne uban wannan fage, kuma duk wanda ya gan shi abu ɗaya yake faɗa: ɗan wasa ne. Yana buga jita a bayan ƙeya, yana buga ta tsakanin ƙafafu, ya cilla ta sama ya cafe. Waƙoƙinsa jarida ce ta yankin. Ya yi waƙa kan ambaliyar 1927 yana lissafa garuruwan da ruwa ya ci, ya yi kan ƙwaron da ke cinye auduga, ya yi wa manyan 'yan sandan yankin da suka taɓa tsare shi waƙa da sunayensu. Mutumin da ke yin wannan ba kaɗaici ya dame shi ba.

Ko ginin baitin ma zai nuna maka waƙar taro ce. A faɗi layi, a maimaita shi, sannan a kawo na uku wanda zai rufe zancen. Maimaicin nan yana ba mai sauraro damar kama maganar cikin hayaniya, yana kuma ba mawaƙi ɗan lokacin da zai ƙago layin ƙarshe nan take. Layin ƙarshen kuwa sau da yawa habaici ne, ko ba'a, ko batsa a lulluɓe, ko kirarin kai. Baƙin ciki na nan, ban musa ba: mace ta tafi, jirgi ya tafi da ita, ɗan sanda ya zo, ruwa ya ci gida. Amma ana faɗar sa ne a gaban mutanen da duk sun san abin, suna ihu suna cewa haka ne, suna rawa.

Wani abin da faifai ya ɓoye mana shi ne ba buluz kaɗai suke yi ba. Mai neman abinci da kiɗa abin da mai biya ke so yake bugawa. Johnny Shines, wanda ya yi yawo tare da Robert Johnson, ya ce Johnson na buga duk abin da ya ji a rediyo, har da waƙoƙin kaboyi da kiɗan rawar Turawa 'yan ci-rani. Lokacin da masu bincike suka rubuta jerin waƙoƙin da Muddy Waters, wani mawaƙin buluz na Delta, ke yi a gidajen rawa a farkon shekarun 1940, an samu waƙoƙin Gene Autry, farar fata mawaƙin kaboyi, a ciki. Ƙungiyar Mississippi Sheiks, masu goge da jita, sun yi ta yi wa fararen fata wasa a bukukuwansu saboda can ne kuɗin ya fi tsoka. Kamfanonin faifai ne suka raba kundinsu gida biyu, na baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban. In baƙar fata ya shigo ɗakin ɗaukar murya, buluz ko waƙar coci ake nema a wurinsa, sauran ya ajiye a waje.

Kuma kafin mazan nan masu jita, mata ne suka buɗe kasuwar. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan buluz da kamfanin Okeh, ya sayu fiye da yadda kowa ya zata, a nan ne kamfanoni suka farga cewa baƙaƙen fata na da garmaho kuma za su sayi muryar nasu. Ma Rainey da Bessie Smith ba 'yan bakin baranda ba ne. Taurarin dandamali ne masu tawaga, da makaɗa da 'yan rawa da riguna masu walƙiya. Labarin Bessie Smith shi kaɗai ya isa ya amsa tambayarka ta farko. Da ta shiga kamfanin Columbia a 1923, dala 125 ake biyanta a kan kowace waƙar da aka amince da ita, shi ke nan, ba ta da kaso a cinikin, alhali faifanta na farko ya sayu dubban ɗaruruwa. A fagen wasa kuwa, a ganiyarta tana iya samun har dala 2,000 a mako, tana da taragon jirgin ƙasa nata na kanta da ke ɗaukar tawagarta. Da yayinta ya ja baya, na dandalin ya ragu, na takardar kuwa dama babu. Ta rasu a haɗarin mota kusa da Clarksdale a 1937, kuma sai a 1970 aka kafa dutse a kabarinta, da kuɗin mawaƙiya Janis Joplin da wata mata da ta taɓa yi mata aiki tana yarinya.

Yadda ake ɗaukar mazan karkara ya fi wannan arha. Kamfanin Paramount, wanda ya ɗauki Blind Lemon Jefferson daga 1926, sannan Patton da Son House da Skip James, reshe ne na wani kamfanin kujeru a jihar Wisconsin. Suna ƙera akwatin garmaho, sai suka ga ya kamata su riƙa yin abin da za a ɗora a kai. A birnin Jackson akwai wani mai kantin kayan kiɗa, H. C. Speir, shi ne ƙofar. Ka je ka yi masa waƙa, in ta yi masa ya aika da sunanka, a turo kuɗin jirgi. Ka isa wani ɗaki da aka rufe tagoginsa da barguna, a zaunar da kai gaban abin magana, allura na yanka murya kai tsaye a kan faranti na kakin zuma. Babu gyara. In ka yi tari ko tsirkiya ta tsinke, a ɗauko sabon faranti. Gefen faifai ɗaya minti uku ne da 'yan kai, don haka waƙar da a gidan rawa ake jan ta minti ashirin dole a datse ta, fitila ta kunnu a yi maka alamar ka rufe. Abin da muke ji yau ke nan, guntun abin da suke yi. Daga nan a ƙirga maka kuɗinka, 'yan daloli a kan kowace waƙa (Mississippi John Hurt kimanin dala 20 ya samu a kan kowace a 1928), ka sa hannu ko ka dangwala a takarda, ka koma gida.

Ga mutumin da ke wuni a gona kan abin da bai kai dala ɗaya ba, wannan kuɗi ne na gaske, shi ya sa ba na son a riƙa ɗaukar su wawaye. Sun ɗauki faifai a matsayin talla: sunanka ya zaga, gidan rawa ya cika, farashinka ya hau. Wasu kuma sun gane wasan sun rama ta hanyarsu. Blind Willie McTell ya yi wa kamfanoni daban-daban faifai da sunaye daban-daban, John Lee Hooker ma daga baya haka ya yi, kwangila ta riƙe suna ɗaya shi kuma ya sayar da waƙa da wani. Lightnin' Hopkins na Teksas ya yi ƙaurin suna wajen cewa a ba shi tsabar kuɗinsa waƙa bayan waƙa, bai yarda da alkawarin gobe ba.

Wanda ya fi kowa ganin inda dukiyar take tun da wuri shi ne Ralph Peer. Shi ya je garin Bristol, a iyakar Tennessee da Virginia, a 1927 ya ɗauki iyalin Carter da Jimmie Rodgers, wato tushen kiɗan fararen karkara. Peer bai damu da albashi ba, haƙƙin mallakar waƙoƙin yake so, kuma kamfanin da ya gina a kan haka yana nan har yau. Wannan ya sa yake matsa wa mawaƙansa su kawo waƙar da za a iya yi wa rajista. Sai A. P. Carter ya shiga ƙauyukan tsaunuka yana farautar tsofaffin waƙoƙi gida-gida, tare da wani baƙar fata mai jita, Lesley Riddle. Carter ya rubuta baitoci, Riddle ya haddace karin. Waƙar da kaka da kakanni suka bari, wadda ba ta kowa ba ce, ta wayi gari da sunan mutum ɗaya a kanta. Matsalar waƙar gargajiya da dokar mallaka ke nan tun asali: doka na neman mai shi guda, waƙar kuwa ta bi ta bakuna ɗari.

Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta share fagen. Cinikin faifai a Amurka ya faɗo daga sama da faifai miliyan 100 a 1927 zuwa kimanin miliyan 6 a 1932. Paramount ta daina ɗaukar murya. Skip James ya yi nasa a 1931, daidai lokacin da babu mai saye, shi ya sa wasu faya-fayan wannan zamani kwafi ɗaya ko biyu kawai suka rage a duniya. John Hurt ya koma noma da kiwon shanun wasu a ƙauyensu Avalon. Dock Boggs, farar fata mai banjo daga Virginia, ya jinginar da banjonsa ya koma ramin haƙar kwal, ya shafe shekaru kusan talatin bai sake fitowa ba. Son House ya yi ƙaura zuwa Rochester a jihar New York a 1943, ya kama aiki a kamfanin jirgin ƙasa, ya ajiye jita.

Robert Johnson da ka ambata, a wannan mataccen lokaci ya yi nasa: waƙa 29, a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Ya rasu a watan Agustan 1938 kusa da Greenwood yana da shekara 27, kuma a lokacin ba wani shahararre ba ne. Zancen wai ya sayar da ransa ga Shaiɗan a mararraba, asalinsa a kan wani mawaƙin daban, Tommy Johnson, aka fi ba da shi, daga baya aka jingina wa Robert. Abin da aka tabbatar ya fi wannan sauƙi: ya ɓace na wani lokaci ya zauna wurin wani gwani mai suna Ike Zimmerman ya koya, kuma yana da kunnen da in ya ji faifai sau ɗaya ya ɗauke. In ka saurare shi da kyau za ka ji Son House da Skip James da Lonnie Johnson a cikinsa. Ni a ganina tatsuniyar Shaiɗan ta rage masa daraja, don ta kwashe wahalar koyon da ya sha ta ba wani. Sunansa ya tashi ne bayan Columbia ta tattara waƙoƙinsa a 1961, kuma tarin da aka fitar a 1990 ya sayu sama da miliyan ɗaya. Wurare uku ne ke da dutse da sunansa, kowanne ana cewa nan ne kabarin.

Amma zancen Shaiɗan ba daga sama ya faɗo ba. A wurin mutanen coci, buluz kiɗan giya da caca da mata ne, kuma mai yin sa ɗan wuta ne. Wannan ya raba zukatan da yawa daga cikinsu gida biyu. Son House mai wa'azi ne tun yana saurayi, ya tsani jita, sai da ya kai kimanin shekara 25 ya ji wani na goga kwalba abin ya kama shi. Ya yi zaman gidan yarin Parchman bayan ya harbe wani mutum a wurin rawa, ya ce kare kansa ya yi, kuma har ya tsufa yana kai-kawo tsakanin mumbari da kwalba. Elizabeth Cotten ta North Carolina, bahaguwa da ke kifa jitar dama ta buga ta a juye, ta sayi jitarta ta farko da kuɗin aikatau tana yarinya, ta ƙago waƙarta ta jirgin kaya tun ba ta kai shekara goma sha uku ba, sannan dattawan coci suka ce ta bar waƙar duniya, ta bari na shekaru da dama. Akwai kuma makafi, waɗanda yawansu a wannan fage ba abin mamaki ba ne in ka tuna cewa makaho baƙar fata a lokacin ba shi da gona ba shi da tallafin gwamnati, sai kusurwar titi da gwangwani ɗaure a wuyan jita. Blind Willie Johnson waƙar addini zalla ya yi. Gidansa ya ƙone a 1945, ya ci gaba da kwana a kangon, ya kamu da ciwo ya rasu. A 1977 aka sa muryarsa a faifan zinaren da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya.

Lead Belly kuma ta wata ƙofar ya shigo, ƙofar masu bincike. John Lomax da ɗansa Alan suna yawo da na'urar ɗaukar murya mai nauyin gaske a bayan mota, suna tara waƙoƙi don Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Gidajen yari suke nufa da gangan, a tunaninsu can ne rediyo bai gurɓata tsohuwar waƙa ba. A 1933 suka same shi a kurkukun Angola da ke Luwiziyana, da jitarsa mai tsarkiya 12 da ɗaruruwan waƙoƙi a ka. Da aka sake shi a 1934 ya zama direban John Lomax, aka kai shi New York, jaridu suka yi ta kururuta shi a matsayin mai kisan kai mai zaƙin murya, har aka sa masa kayan fursuna aka ɗauki hotonsa na majigi, shi kuwa mutum ne mai son kwat da takalmi mai sheƙi. Cikin 'yan watanni suka ɓata kan kuɗi. Ya rasu a Disamban 1949 ba shi da wani abin kirki, a 1950 kuma ƙungiyar Weavers ta ɗauki waƙarsa ta Irene ta zama ta ɗaya a Amurka, da sunan John Lomax a jikin rajistar tare da nasa. Ba na cikin masu cewa su Lomax ɓarayi ne kawai. Ba don su ba, da dubban muryoyi sun bi iska, kuma Alan ya yi wa mawaƙa da yawa hanya. Amma wanda ke riƙe da na'ura da alƙalami shi ke yanke yadda za a ga mai waƙar, kuma sun yi amfani da wannan iko.

Alan Lomax ɗin ne, tare da John Work na Jami'ar Fisk, ya ɗauki Muddy Waters a gandun Stovall a 1941. Abin da ya biyo baya cak ne na dala 20 da kwafin faifai biyu. Amma Muddy ya ce jin muryarsa da ya yi daga na'ura shi ya tabbatar masa zai iya. Yana tuƙa tarakta a kan senti 22 da rabi a awa, ya nemi a mayar 25 aka hana, a 1943 ya hau jirgi zuwa Shikago. Yana cikin baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 da suka bar jihohin Kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970, kuma ba da daɗewa ba injin tsinkar auduga ya zo ya kori da yawa daga cikin waɗanda suka rage. A Shikago da rana yana aikin masana'anta da tuƙin babbar mota, da dare yana wasa a mashaya, inda hayaniya ta sa dole ya koma jita mai lantarki. Dalilin da ya sa Patton dukan katako da ƙafa shi ne ya sa Muddy sayen lasifika.

Yanzu ga inda hoton da ka tambaya ya fito. A 1952 wani mai tara faya-fayai, Harry Smith, ya fitar da tarin tsofaffin waƙoƙi 84 a kamfanin Folkways. Ɗaliban jami'a fararen fata suka ji, suka ɗauka masu muryoyin duk sun mutu. Sai wasunsu suka shiga nema. A 1963 Tom Hoskins ya bi sunan Avalon da ya ji a wani baiti, ya duba tsohuwar taswira, ya je ya tarar da John Hurt da ransa, yana kusan shekara 70. A shekarar ce kuma Mike Seeger ya gano Dock Boggs. A watan Yunin 1964 wasu samari suka sami Skip James kwance a asibiti a Tunica, wasu kuma suka gano Son House a Rochester, a makon da aka kashe matasa uku masu fafutukar 'yancin baƙaƙe a Misisipin. House ya manta yadda yake buga waƙoƙinsa, sai da wani saurayi, Alan Wilson, wanda ya haddace su daga faifai, ya zauna ya tuna masa. Aka kai dattawan nan bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, dubban mutane zaune a ciyawa shiru, babu mai rawa, babu mai ihu. Mutumin da ya saba da gidan rawa ya ga taro ya yi tsit kamar ana jana'iza.

Sababbin masu sauraron nan suna da abin da suke so: tsoho, shi kaɗai, jita marar lantarki, da labarin wahala. Mawaƙan kuwa 'yan kasuwa ne, suka ba su. Big Bill Broonzy ya shekara da shekaru a Shikago yana faifai da cikakkiyar ƙungiya, amma tun a 1938 aka gabatar da shi a zauren Carnegie a matsayin manomi daga Arkansas, kuma da ya fara zuwa Turai a 1951 wannan rigar ya sa. Muddy Waters ya je Ingila a 1958 da lantarkinsa, wasu masu son gargajiya suka toshe kunne. A daidai lokacin kuma matasan baƙaƙen Amurka sun yi gaba zuwa sababbin kiɗa, da yawansu na ganin tsohon buluz kayan gandu ne da ba sa son tunawa.

Da makaɗan rok suka fara ɗaukar waƙoƙin nan suna sayar da miliyoyi, sai zancen takarda ya dawo da ƙarfinsa, kuma a nan ne za ka ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Faifan Elvis Presley na farko a 1954 waƙar Arthur Crudup ce. Crudup ya ƙare yana aikin gona da jigilar leburori a Virginia, an yi ta fafutukar karɓo masa haƙƙinsa, ya rasu a 1974 bai karɓa ba, sai bayan ransa iyalinsa suka fara gani. Willie Dixon, wanda ya san takarda, shi ya iya faɗan: shi da Muddy Waters sun kai kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinsu kotu a shekarun 1970, a 1985 kuma ya kai ƙarar ƙungiyar rok ta Led Zeppelin aka sasanta a wajen kotu, ya kafa gidauniyar Blues Heaven don taimaka wa mawaƙa kan irin wannan. Inda kuma aka rubuta sunan mai waƙa daidai, bambancin a bayyane yake. Reverend Gary Davis, makaho mai wa'azi a titunan Harlem, ya sayi gida da kason da ya samu bayan Peter, Paul and Mary sun rera waƙarsa. Kason da Skip James ya samu daga ƙungiyar Cream shi ya ɗauki nauyin jinyarsa kafin ya rasu a 1969. Ita kuwa Elizabeth Cotten, wadda aikatau ya kai ta gidan iyalin Seeger har suka ji ta tana buga jitarsu, sai da aka yi da gaske kafin a mayar da sunanta kan waƙarta bayan ta yi tashe a Ingila da sunan wasu. Ta karɓi kyautar Grammy a 1985, tana da shekara 90 ko fiye.

Game da kaburbura, yawancin waɗanda ke da dutse yanzu masoya ne da mawaƙan baya suka kafa, kamar yadda Bonnie Raitt ta biya na Memphis Minnie a 1996. Dokar tarayyar Amurka ma ba ta fara kare ita kanta muryar da aka ɗauka ba sai daga 1972, kuma sai a 2018 aka yi dokar da ta shigo da tsofaffin faya-fayai cikin tsarin biyan kaso na sauraro ta intanet. Ga waɗanda ke raye, akwai gidauniyar Music Maker da aka kafa a 1994, wadda aikinta ya haɗa da biya wa tsofaffin mawaƙan Kudu kuɗin magani da na haya, da nemo musu wuraren wasa.